Daga Singafo Zuwa Talata Mafara: Me Ke Hana Ƙwaya Samun Gindin Zama?

Duk majalisar da aka tayar da zancen shaye-shaye a Arewa, ba a jimawa sai wani ya gyara zama ya ce maganin abin guda ne: a riƙa kashe masu safara kamar yadda ake yi a Singafo da Saudiyya. Galibi daga nan muhawara take mutuwa, domin wanda ya ga yadda ƙwaya ta mayar da ɗansa ko ƙaninsa ba shi da haƙurin sauraron dogon bayani. A watan Mayun 2024 wannan ra'ayi ya kai har zauren Majalisar Dattawa, inda sanatoci suka amince da gyaran dokar hukumar NDLEA domin sanya hukuncin kisa a kan masu fataucin miyagun ƙwayoyi.

Tambayar da ke bayan wannan fushi ta cancanci amsa. Me ya sa laifukan ƙwaya suke da ƙaranci a wasu ƙasashe, alhali a namu suna ta hauhawa? Tarihi yana da abin faɗa a kai, kuma wani yanki na amsar yana nan a gida, a garuruwa uku da ke kewaye da madatsar ruwa ta Bakolori a Jihar Zamfara: Talata Mafara da Bakura da Maradun. Daga waɗannan garuruwa ne uku cikin gwamnonin farar hula biyar na jihar suka fito: Ahmad Sani Yariman Bakura daga 1999 zuwa 2007, Abdul'aziz Yari na Talata Mafara daga 2011 zuwa 2019, da Bello Matawalle na Maradun daga 2019 zuwa 2023. A nan ne kuma aka ga tsananin hukunci da ido, aka kuma ga iyakarsa.

Mun taɓa gwadawa, har sau uku

Nijeriya ba baƙuwar hukunci mai tsanani ba ce a kan wannan al'amari. A 1966 gwamnatin soja ta Janar Aguiyi-Ironsi ta kafa dokar tabar wiwi, wadda ta tanadi kisa ko ɗaurin shekara 21 ga wanda ya noma ta, da ɗaurin shekara goma ga wanda aka kama yana sha. Noman wiwi bai tsaya ba. Kafin a cika shekara goma, a 1975, an sassauta dokar.

Gwaji na biyu shi ne na gwamnatin Buhari da Idiagbon. Doka ta 20 ta 1984 ta sanya kisa a kan safarar hodar ibilis da makamantanta, kuma aka sa ta yi aiki har a kan laifukan da aka aikata kafin kafa ta. Ranar 10 ga Afrilun 1985 aka harbe samari uku a Kirikiri da ke Legas. Ƙasa ta girgiza, amma safara ta ci gaba. A 1986 gwamnatin Babangida ta mayar da hukuncin zuwa ɗauri, kuma a ƙarshen 1989 ta kafa NDLEA, a daidai lokacin da sunan Nijeriya ya ɓaci a filayen jiragen saman duniya saboda masu ɗaukar kaya a cikinsu. Wato shekaru kaɗan bayan harbin Kirikiri, matsalar ta fi yadda take a da.

Gwaji na uku na gida ne. Ranar 27 ga Oktoban 1999 Yariman Bakura ya ƙaddamar da Shari'a a Gusau a gaban ɗimbin jama'a, dokar laifuka ta fara aiki a Janairun 2000, kuma jihohi goma sha ɗaya suka biyo baya. A watan Maris na wannan shekara, a asibitin Talata Mafara, aka yanke hannun Buba Bello Jangebe bisa satar saniya. An rufe gidajen giya da na caca da na mata masu zaman kansu. Mashayin giya kuwa bulala tamanin ce hukuncinsa. Adalci ne a faɗa cewa mutane sun ga canji a fili a shekarun farko, kuma galibin waɗanda suka yi murna sun yi ne saboda sun gaji da kotunan da ake sayen gaskiya a cikinsu.

To amma giya tana da wari, tana da kwalba, tana da gidan da ake zuwa a sha ta. Ƙwaya ba ta da ko ɗaya. Tana shiga aljihun riga, ana samunta a kantin magani ko a tiren mai talla a ranar kasuwa, kuma mai shanta yana iya tsayawa a sahun farko ba wanda ya sani. Bugu da ƙari, kundin tsarin mulkin 1999 ya sanya magunguna da guba a jerin abubuwan da gwamnatin tarayya kaɗai ke da iko a kansu. NDLEA ta tarayya ce, NAFDAC ta tarayya ce, 'yan sanda da kwastam na tarayya ne, kuma Babbar Kotun Tarayya ce ke sauraron shari'ar safara. Jiha ta rufe ƙofar da take da makullinta, ɓarnar ta shigo ta ƙofar da makullinta ke Abuja.

Sakamakon ya bayyana a binciken da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙwayoyi da laifuka ya gudanar tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, wanda aka fitar a Janairun 2019. Mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64, wato kashi 14.4 cikin ɗari, sun yi amfani da wata ƙwaya a shekarar da ta gabaci binciken, alhali matsakaicin duniya kashi 5.6 ne. Miliyan 10.6 sun sha wiwi, miliyan 4.6 sun sha magungunan kashe zafi irin su tramadol ba bisa ƙa'ida ba, miliyan 2.4 kuma sun sha maganin tari mai kodin. A Arewa maso Yamma adadin kashi 12 ne, kuma Zamfara ta zo ta biyu bayan Kano da kashi 13.5. Kudu maso Yamma ta fi kowace shiyya da kashi 22.4, don haka ba za a ɗora wa Shari'a laifin ba, musamman da yake tramadol ta addabi Ghana da Togo da Masar, inda ba a hana sayar da giya ba. Abin da alƙaluman suka nuna kawai shi ne cewa shekara goma sha takwas na doka mai tsanani ba su kare jihar ba.

Abin da Singafo take da shi bayan igiya

Gaskiya ne Singafo tana rataye masu safara. Dokarta ta 1973, bayan gyaran 1975, ta sanya kisa a kan wanda aka kama da fiye da giram 15 na hiroyin, kuma daga baya aka haɗa da fiye da giram 500 na wiwi. Gaskiya ne kuma shaye-shaye yana da ƙaranci a can. Amma masu kafa hujja da ita suna tsallake wasu abubuwa.

Singafo tsibiri ce da faɗinta bai wuce murabba'in kilomita 730 da ɗoriya ba. Ƙaramar hukumar Talata Mafara kaɗai ta fi ta girma, Jihar Zamfara kuwa ta ninka ta kusan sau hamsin. Hanyoyin mota biyu ne kacal suka haɗa ta da Malesiya, kuma kowacce tana da shingen bincike na gaske. Jami'anta suna cikin waɗanda suka fi ƙarancin cin hanci a duniya. Kusan kashi 80 cikin ɗari na mutanenta suna zaune a gidajen da gwamnati ta gina, rashin aikin yi kaɗan ne, kuma wanda aka kama yana sha ana kai shi cibiyar gyaran hali, a ci gaba da gwada fitsarinsa bayan ya fito. Mai safara a Singafo ya san cewa da wuya ya tsallake, kuma in an kama shi babu wanda zai buga wa waya.

Idan ana so a gane ko igiyar ce ke aikin ko waɗannan sauran abubuwa, sai a dubi ƙasar da take da igiyar amma ba ta da su. Iran ta shafe shekaru tana kashe ɗaruruwan mutane a kowace shekara bisa laifukan ƙwaya. Ta rasa dubban jami'an tsaro a fafatawa da masu fasa-ƙwauri. Duk da haka tana cikin ƙasashen da suka fi yawan mashaya ofiyom da hiroyin, domin tana da iyaka ta kusan kilomita 900 da Afganistan, wadda a shekarun baya ta daɗe tana samar da mafi yawan ofiyom ɗin duniya. A 2017 majalisar Iran da kanta ta sassauta dokar, ta ɗaga adadin da ke jawo kisa. Saudiyya ma tana zartar da kisa, amma ta zama babbar kasuwar ƙwayar kaftagon a Gabas ta Tsakiya.

Tun a 1764 wani masanin shari'a ɗan Italiya, Cesare Beccaria, ya kafa hujjar cewa tabbacin kamu ya fi tsananin hukunci hana laifi, kuma binciken masana laifuka na zamani ya ƙarfafa wannan ra'ayi. Dalilin a fili yake. Mutumin da zai ɗauki kaya daga Legas zuwa Gusau ba ya lissafin shekara nawa doka ta tanada. Lissafinsa shi ne shinge nawa ke kan hanya, kuma nawa ake bayarwa a kowanne.

Japan: ƙwayar aiki, irin tamu

Ƙasar da labarinta ya fi kama da namu ita ce Japan. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu an riƙa bai wa sojoji da ma'aikatan masana'antu wata ƙwaya mai hana barci da gajiya, wadda jama'a suka sani da suna hiropon. Da aka ci Japan da yaƙi a 1945, ragowar kayan ya malalo kasuwa, a ƙasar da biranenta suka ƙone, matasanta kuma ba su da aiki. Leburori da direbobi da ɗalibai suka rungume ta. A 1954 an kama mutum sama da 55,000 bisa laifukan da suka shafe ta. Zuwa 1958 adadin bai kai dubu ɗaya ba.

Japan ba ta kashe kowa a kan haka ba, kuma har yau dokarta ba ta da hukuncin kisa a kan ƙwaya. Ta kafa dokar hana ƙwayar a 1951, ta ƙara ƙarfinta a 1954, sannan a 1955 ta sa ido a kan sinadaran da ake haɗa ta da su. An kai waɗanda suka kamu asibiti, an yi gangamin wayar da kai unguwa-unguwa, kuma 'yan sandan da ke zaune a ƙananan ofisoshi a cikin unguwanni sun san mutanensu. Mafi muhimmanci, daga tsakiyar shekarun 1950 tattalin arzikin ƙasar ya fara bunƙasa, masana'antu suka ɗebe matasa. Ƙwayar ta dawo a shekarun 1970 ta hannun ƙungiyoyin 'yan daba, abin da ke nuna cewa wannan yaƙi ba a gama shi, amma Japan ta ci gaba da zama cikin ƙasashe masu ƙarancin shaye-shaye.

Tramadol a ƙasar Hausa ita ma ƙwayar aiki ce kafin ta zama ta nishaɗi. Ɗan ƙwadago a gonar shinkafa, ɗan acaɓa, mai turin baro, mai haƙar zinare a ramukan Anka da Bukkuyum da Maru, duk suna neman abin da zai sa jiki ya yi aikin da ya fi ƙarfinsa. Wadda likita ke rubutawa mai ƙarfin miligiram 50 ce ko 100. Wadda ke yawo a kasuwa tana kai 200 ko 225, ana yin mafi yawanta a Indiya, tana shigowa ta tashoshin ruwan Legas da Kwatano da Lome. Saurayin da yake sha domin ya iya gama yinin aiki, bulala ba za ta sauya lissafinsa ba, tun da gobe ma aikin yana jiransa.

Darasi na ƙarshe daga waje na Aisland ne, ƙaramar ƙasa a arewacin Turai. A 1998 kashi 42 cikin ɗari na 'yan shekara 15 da 16 sun ce sun bugu da giya a watan da ya gabata. Zuwa 2016 adadin ya sauko kashi 5, masu taɓa wiwi kuma suka ragu daga kashi 17 zuwa 7. Abin da suka yi bai wuce abin da kakanninmu suka sani ba: dokar hana yara yawon dare, yarjejeniya tsakanin iyayen unguwa, tallafin kuɗi domin kowane yaro ya shiga wasanni ko koyon fasaha bayan makaranta, da bincike a kai a kai domin kowace unguwa ta san halin da 'ya'yanta ke ciki. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Akwai kuma gargaɗi game da alƙaluma. Ƙididdigar laifi tana auna aikin 'yan sanda kamar yadda take auna laifin. Ƙauyen da babu jami'i ko ɗaya a cikinsa ba ya bayyana a rahoton kowa, sai a ɗauka lafiya lau yake.

Bangon da ya tsage a Bakolori

Idan aka tattara, ƙasashen da suka yi nasara suna da abubuwa huɗu: ƙofar shigowa da ake tsarewa, hukumar da jama'a suka yarda da ita har suke kai mata rahoto, aikin da ke cike yinin matashi, da wurin jinya ga wanda ya faɗa. Yanzu sai mu auna garuruwanmu uku da wannan mudu.

Madatsar Bakolori, wadda kamfanin Impresit na Italiya ya gina a kan Gulbin Sakkwato aka kammala a 1978, an yi ta ne domin ta shayar da hekta kusan 23,000, ta kuma mayar da wannan yanki rumbun abinci. Ruwanta ya cinye gonaki da gidajen dubban iyalai. Wasu manoman sun yi damina biyu ko uku ba su shuka ba saboda ana baje ƙasa ana haƙa magudanai, diyya kuma ta zama abin jayayya. A ƙasan madatsar, ambaliyar da ke jiƙa fadama kowace shekara ta ragu, noma da kamun kifi suka ja baya. Da manoma suka tare hanyoyin aikin, a watan Afrilun 1980, zamanin Shugaba Shehu Shagari, aka aika musu 'yan sandan kwantar da tarzoma. Gwamnati ta ce mutum ashirin da 'yan kai ne suka mutu. Masu bincike da mutanen yankin sun ce ɗaruruwa ne. Bayan haka aka bar magudanan suka lalace shekara da shekaru, har sai da shirin gyaran noman rani da Bankin Duniya ya amince da shi a 2014 ya sanya Bakolori cikin jerinsa.

Bakolori ba ita ta kawo tramadol ba. Abin da ta yi shi ne ta raunana biyu daga cikin ginshiƙai huɗun nan. Alkawarin aiki ga 'ya'yan manoma bai cika ba, kuma wani ƙarni ya tashi da sanin cewa in hukuma ta zo ƙauye, da bindiga take zuwa. Mutanen da suka koyi wannan darasi ba sa gaggawar kai rahoton dillalin unguwarsu.

Shekarar 2021 ta nuna inda ginshiƙi na uku ya tsaya. Ranar 26 ga Fabrairu aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar sakandaren Jangebe, garin da mutumin da aka yanke wa hannu ya fito. A watan Agusta aka kai hari Kwalejin Aikin Gona da Kiwon Dabbobi ta Bakura. Ranar 1 ga Satumba aka sace ɗalibai 73 a makarantar Kaya da ke Maradun. Hukumar da ba ta iya hana a kora ɗaruruwan yara cikin daji a dare guda ba, ba za ta iya tare ɗan ƙunshin da ke ƙarƙashin kujerar babur ba. NDLEA kanta ta sha sanar da kama masu kai wa 'yan bindiga ƙwaya. Hanyar da makami ke bi, ita ƙwaya ke bi.

Na huɗu shi ne jinya. Binciken 2019 ya nuna cewa mutum ɗaya cikin biyar na masu shaye-shaye ya kai matsayin da yake buƙatar magani, wato kusan miliyan uku a faɗin ƙasa. Uban da ke Maradun da ɗansa ya zauce, tunaninsa yakan tafi asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware a Jihar Sakkwato, ko kuwa gidan mari. Samamen da aka kai a Rigasa ta Kaduna da Daura a 2019 ya nuna wa duniya abin da ke faruwa a wasu daga cikin irin waɗannan gidaje, amma rufe su bai samar wa iyaye madadi ba. Haka nan hana maganin tari mai kodin a watan Mayun 2018, kwana guda bayan rahoton BBC, ya rage kayan a kanti, sai dai ya bar mashayan da ƙishirwarsu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma kashe ƙadangare ba ya liƙe bango.

Abin da ya rage mana

Wannan ba kira ba ne ga sassauci. Wanda ya shigo da kwantena cike da guba ya cancanci hukunci mai nauyi, kuma ya fi cancantar a kama shi a kan yaron da ke tallan ƙwaya a tasha. Batun shi ne jeri: me ke zuwa kafin me. Malamanmu suna karantar da cewa Sayyidina Umar ya dakatar da haddin sata a shekarar fari da yunwa da ta auka wa Madina. Bai yi haka don ya raina doka ba. Ya fahimci cewa hukunci yana da sharuɗɗa, kuma wasu daga cikinsu a wuyan shugaba suke.

Akwai abin da jiha da ƙananan hukumomi za su iya ba tare da jiran Abuja ba. Za su iya ƙidaya kantunan magani da masu tallan magani a kasuwannin Talata Mafara da Bakura da Maradun, su haɗa kai da ƙungiyar masu kantunan a san wa ke sayar da me. Za su iya buɗe sashen jinya a babban asibitin kowace ƙaramar hukuma. Za su iya bin ɗaliban sakandare da tambayoyi a kowace shekara kamar yadda Aisland ta yi, domin hakimi da limami da shugaban makaranta su daina aiki da zato. Kuma za su iya tabbatar da cewa filayen da gyaran Bakolori ya farfaɗo sun isa hannun matasan yankin, maimakon su ƙare a hannun masu hannu da shuni.

Don haka in an sake tayar da zancen a majalisarku, aka ce a riƙa kashe su, kada a yi musu da mai maganar, domin zafin da ke ransa na gaskiya ne. A tambaye shi kawai: wa zai kama su, a wace hanya, kuma wace kotu ce za ta yanke hukunci kafin shaidu su gaji? Sannan yaron da ya daina sha yau, gobe da safe ina zai nufa? Singafo da Japan sun amsa waɗannan tambayoyi kafin su ga sakamako. Mu kuwa tun 1966 muke sauya hukunci, tambayoyin suna nan inda muka bar su.